Ƙofar Zauren Kansiloli a Ƙasar Gumel: Wa Ke da Ikon Shiga?

Hukuncin da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya amsa tambayar hannun da kuɗi zai faɗa. Bai ce komai ba game da idon da zai bi kuɗin. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi masarautar Gumel, wannan giɓi ne ya kamata Majalisar Dokokin Jigawa ta cike, ta hanyar dokar da za ta wajabta wa kansiloli yin zamansu a bainar jama'a.

Za a ce ai akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Haka ne, amma takarda take bai wa mai nema, cikin kwana bakwai, bayan an riga an yanke shawara. Dokar buɗe zama kuwa kujera take ba shi tun ana muhawara. Jihar Kalifoniya a Amurka ta yi irin wannan doka a 1953, Birtaniya ta yi tata a 1960. Abin da suka ƙunsa ba mai wuya ba ne: a sanar da ranar zama da abin da za a tattauna, a bar ƙofa buɗe, idan za a rufe ta a faɗi dalili.

Kasuwar Maigatari ta isa misali. Kowace Alhamis shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga Nijar, tireloli suna lodinsu zuwa kudu. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka a wuyan ƙaramar hukuma. Dillalin da aka yanka wa rasit yana da hakkin ya zauna ya ji kansilan mazabarsa yana tambayar nawa aka tara, kuma ina aka kai su.

Batun ƙasa ya fi wannan nauyi. Taƙaddamar da ta tashi a zamanin Gwamna Badaru Abubakar, kan hekta 12,000 da aka ware wa wani kamfanin sukari a Gagarawa da maƙwabtanta, gwamnatin jiha ce ta ɗauki matakinta. Duk da haka, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, don haka ba za a ce majalisar kansiloli ba ta da ta cewa ba. Da doka ta tilasta a tattauna maganar a buɗaɗɗen zama, da manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni ya san matsayin wakilinsa kafin a zo awo.

Rangadin da Gwamna Umar Namadi ya yi a shirin Gwamnati da Jama'a abin yabo ne, sai dai ziyarar gwamna alheri ce da mai ita zai iya dainawa, ba hakki ba. Kuma tun da jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun shugabancin ƙananan hukumomi 27 na jihar a zaɓen Oktoban 2024, ba a sa ran adawa mai ƙarfi daga cikin zaure; mai sa ido daga waje zai zo.

Saura maganar harshe, wadda ta shafi manazarta Hausa kai tsaye. Buɗe ƙofa ba shi da amfani idan da Hausa aka yi muhawara amma aka rubuta kasafin kuɗi da bayanan zama da Ingilishi. Sashe na 97 na Tsarin Mulki ya yarje wa majalisar jiha ta yi aiki da harshen jama'arta, balle majalisar da ta fi kowace kusa da talaka. Ya kamata dokar ta tanadi a liƙa sanarwa da Hausar boko da ta ajami a sakatariya da kasuwa da ƙofar dagaci, a kuma karanta ta a rediyo. Daidaita kalmomin kasafi da kwangila da binciken kuɗi aiki ne da sassan Hausa na jami'o'i za su iya somawa tun kafin Majalisar da ke Dutse ta motsa.