Hayaƙi Ba Ya Ɓacewa, Kama Yake Sauyawa

Jama'a, yau sai na faɗa, ko da za a ce na cika surutu.

Jiya da daddare aka cinna wa bolar layinmu wuta: leda, tsohuwar taya, soson katifa. 'Yata mai asma ta kwana tana tari. Da asuba na yi magana a ƙofar masallaci, sai wani dattijo ya ce, "Haba Malam, damina ce fa, raɓa ma ta isa ta kwantar da shi." Na yi shiru saboda girmansa. Amma wallahi, Baba, ba haka abin yake ba.

Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke iska, wannan gaskiya ne. Laima kuwa aikinta daban.

Hayaƙi kashi biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, akwai gas ɗin da ba a gani, mai fita daga bola, janareta, salansar babur da murhun itace. A cikin iska kuma akwai ƙananan ƙwayoyi masu gishiri-gishiri, irin salfet da ake samu daga hayaƙin dizal. Kun ga yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina ba wanda ya zuba masa ruwa? To haka ƙwayoyin nan ke shan laima. Sai gas ɗin can ya narke a cikin ɗan ruwan, ya haɗu da wasu sinadarai, ya rikiɗe ya zama abu mai danƙo. Rana ta fito, ruwan ya bushe, shi ya zauna daram. Wato wutarka ta mutu tun dare, amma ƙazantar tana ƙara kauri a sama, a kan wata unguwar ma.

Irin waɗannan ƙwayoyi ake kira PM2.5. Faɗin silin gashi ya ninka su kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, sai can ƙuryar huhu. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

Mai ganin laima magani ce, ya tuna Landan. A Disambar 1952 hazo mai danshi ya haɗu da hayaƙin kwal na kwana biyar, aka ƙirga mutum kusan 4,000 sun mutu. Sai a 1956 suka yi dokar tsaftace iska.

Mu kullum sai mu ɗora wa hunturu laifi. Na yarda, ƙurar Bodele ta Chadi ba mu da iko da ita. Ashanar da aka ƙyasta wa bola fa, ita ma daga Chadi ta zo?

Na san abin da za a ce: motar shara ba ta zuwa, ya za mu yi? Wannan kuka ne na gaskiya, kuma mu ma'aikata muna da kasonmu. Tun 2011 akwai dokar hana ƙone-ƙone a fili ƙarƙashin NESREA, na kuma san yadda fayil ke barci a durowa. Amma fisabilillahi, don hukuma ta yi sakaci sai mu huce a ƙirjin 'ya'yanmu?

Mai unguwa ya tara mu, a yi karo-karo a ɗauki mai kura ya riƙa kwashewa. Kansila ya ji daga gare mu a rubuce. Liman ya faɗa bayan sallah, ai cutar da maƙwabci ce.

Allah Ya sa mu gane.