Kada Ƙuri'a Ta Zaɓa Mana Gidan Tsufa

Duk ma'aikacin gwamnati da ya kusa cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki, akwai tambayar da ke hana shi barci: ina zan sauke kayana? A ikilisiyoyinmu na Kano, Katsina, Gusau, Sakkwato da Zariya amsar ta kusa zama ɗaya. Kowa na neman fuloti a gefen Jos, ko kudancin garin Kaduna, ko Karu da Masaka kusa da Abuja. In ka tambayi dalili sai a ce maka can ne namu suke. Da, "namu" na nufin waɗanda muke sujada tare. Tun zaɓen 2023 kuwa kalmar ta ƙara nauyi, ta koma nufin waɗanda muka dangwala wa ɗan takara ɗaya.

Ban raina tsoron da ke bayan wannan ba. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000 mutane suka yi ta ƙetare kogin Kaduna, har Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi suka cika maƙil. Jos ma ta rabu bayan Satumban 2001, ta ƙara rabuwa a Nuwamban 2008 kan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Ga kuma abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011. Dattijon da aka taɓa ƙona wa gida, ba ni da bakin ce masa ya zauna.

Amma 'yan'uwa, tsaro daban, ra'ayin siyasa ɗaya daban. A ƙaramar hukumar Chikun aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021. A Bokkos da Barikin Ladi aka kashe mutane fiye da 100 a jajibirin Kirsimetin 2023. Ba rashin "namu" ne ya jawo waɗannan ba. Fuloti mai arha, wanda kuɗin giratuti zai iya saye, galibi a bakin daji yake, inda babu ofishin 'yan sanda, babu hanyar kirki.

Ita siyasar ma ba ta zama wuri ɗaya. Filato ta kasance a hannun PDP daga 1999, ta koma APC a 2015 zamanin Simon Lalong, ta dawo PDP a 2023. A Nasarawa Peter Obi ne ya ci zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023, bayan mako uku kuma aka bayyana Abdullahi Sule na APC a matsayin gwamna. Waɗanda suka gina gida a Kaduna don murnar Patrick Yakowa ya hau kujerar gwamna a 2010, shekara biyu da 'yan watanni kawai suka samu kafin hatsarin jirgin Disamban 2012. Gwamna wa'adin shekara huɗu yake yi. Kai kuma in Allah ya ba da rai, shekara 20 ko fiye za ka yi a gidan nan.

To me ya kamata mutum ya duba? Na farko asibiti. A shekara 70 ciwon suga, hawan jini da ciwon gwiwa su ne 'yan adawar da za ka fi fama da su. Wanda ke cikin Jos yana da JUTH a Lamingo da asibitin Jankwano. Na kudancin Kaduna yana da St. Gerard a Kakuri. Amma wanda ya sayi fili bayan Masaka ya tambayi kansa: in jiki ya rikice da ƙarfe bakwai na safe, yaya zai ratsa cunkoson Mararaba da Nyanya? Ko kuwa Keffi zai nufa? Ya gwada hanyar da kansa ranar Litinin, kada ya dogara da maganar dillali.

Sai takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a Abuja kuwa a hannun minista. Masu shekaru sun tuna rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin da takardun da mutane suka karɓa daga masu unguwa ba su hana katafila aiki ba. Abin takaici, yawancin cutar fili da nake ji, tsakanin 'yan ra'ayi ɗaya ake yin ta, domin mutum yakan ji kunyar neman shaida daga wanda suke zumunta tare. Nemi takarda, kai wa lauya, ko da ɗan'uwanka ne mai sayarwa.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye. A Sabon Garin Kano ko Wusasa inda ka yi shekara 30, mai kanti ya san ka, zumuntar mata ta san matarka, maƙwabcinka Musulmi da kuka sha musu kan zaɓe shi ne zai fara buga ƙofa in kwana biyu bai gan ka ba. A sabuwar unguwa kowa ya fita aiki da asuba, kai kaɗai ne a bayan katanga. Ban da haka, kowane dattijo da ya tashi yana barin gurbi. Ƙananan majami'unmu na arewa suna rasa ma'aji, mai fassara da malamin ajin baftisma a lokaci guda, a bar matasa da fasto shi kaɗai.

Wanda ya ga lalle sai ya tashi, shawarata ita ce kada ya sayar da tsohon gidansa tukuna. Ya kama haya a sabon wurin na shekara ɗaya, ya ga damina da rani, ya ga ko rijiya na ƙafewa a watan Maris, ya ƙirga kuɗin mota zuwa banki da wajen jikoki daga cikin fanshonsa. Dattawan ikilisiya kuma su riƙa haɗa mai shirin tafiya da waɗanda suka riga shi komawa can, su faɗa masa gaskiyar abin da suka tarar kafin ya biya ko kwabo.