Akwatin da ke mayar da jita ɗaya ta zama biyu

Yau za mu leƙa Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, ɓangaren masu sayar da kayan lantarki da masu gyaransu. A cikin tsofaffin lasifikoki da rediyoyi da ake jibgewa a irin waɗannan rumfuna, wani lokaci akan ci karo da wani baƙin akwati mai tayoyi, gefunansa cike da kawunan ƙusoshi, fuskarsa ɗauke da rubutun Jazz Chorus. Amfilifaya ce ta jita, wato na'urar da ke ƙara wa jitar lantarki ƙarfin sauti. Kamfanin Roland na Japan ya fito da ita a 1975 da lambar JC-120, kuma har gobe ana ƙera ta kusan yadda take tun farko. Ku gaya mini wace waya ce za ta yi shekara hamsin a kasuwa.

Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunanta ba, kuma ba laifinku ba ne. Waƙoƙin fina-finanmu da fiyano da kwamfuta ake haɗa su, jita ba ta samu gurbi sosai a cikinsu ba. Inda jita ta zauna da gindinta a Kano shi ne Sabon Gari, a coci-coci da otal-otal da wuraren biki, hannun makaɗan da ke kaɗa hailaif da makamantansa. Shi ya sa in kana neman wanda zai ba ka labarin wannan akwati, can za ka same shi.

Abin da ya sa ta yi suna yana cikin kalma ta biyu ta sunanta, wadda ke nufin amshi. Ku tuna makarantar allo da yamma. Idan yaro ɗaya yana karatu, muryarsa siririya ce. Idan yara goma suka ɗauki layi ɗaya tare, sai sautin ya cika ya yi kauri, har ka ji yana lilo. Dalili shi ne babu biyu daga cikinsu da ke farawa daidai lokaci guda ko su tsaya a kan murya ɗaya cif. Wannan ɗan saɓanin shi ne daɗin. Injiniyoyin Roland sun ƙirƙiri saɓanin da gangan. A cikin akwatin akwai lasifika biyu masu faɗin inci 12, kowace da nata injin mai ƙarfin wat 60. Ɗaya tana fitar da sautin jitar yadda yake. Ɗayar kuma tana fitar da shi bayan an ɗan jinkirta shi, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ana ta ƙara shi ana rage shi a hankali, abin da ke sa muryar ta riƙa ɗan hawa tana sauka. Sautukan biyu sai sun fito iska suke haɗuwa. Mai sauraro sai ya rantse mutum biyu ne ke kaɗawa.

'Yan ajin kimiyya, wannan darasinku ne na igiyoyin sauti, wanda wasunku ke hamma idan an zo kansa. Idan sauti ɗaya yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, wani kuma sau 442, kunne zai ji ƙarar tana tashi tana kwanciya sau biyu a kowace daƙiƙa. Irin tambayar da ke fitowa a WAEC da NECO ke nan, ga ta a cikin akwati ana cin abinci da ita. Ku gwada da abokinku: ku riƙe murya ɗaya tare, sai ɗaya ya ɗan sassauta tasa kaɗan, ku saurari abin da zai faru.

Yadda ake yin jinkirin ma abin sha'awa ne. A 1975 babu kwamfuta a cikin irin waɗannan kaya. Wani ɗan ƙaramin ɓangare ne ake amfani da shi, wanda injiniyoyin kamfanin Philips suka ƙirƙiro a 1969, kuma suka raɗa masa sunan layin masu miƙa bokiti. Duk wanda ya taɓa ganin an tashi gobara a unguwa ya san hoton: mutane sun jeru daga rijiya zuwa wuta, wannan ya miƙa wa wancan bokiti. Haka ake miƙa sautin daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin ɓangaren, ɗaruruwan ɗakuna, kafin ya fito ya riga ya makara. In an hanzarta miƙawar jinkirin ya ragu, in an sassauta ya ƙaru.

Makaɗa kuwa ba su taɓa haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya game da ita ba. Masu sonta suna cewa ba ta ƙarya: ko ka ƙure mata murya sautin yana nan tas, kuma duk kuskuren yatsanka sai ta tona maka asiri. Andy Summers na ƙungiyar The Police ta Ingila ya yi amfani da ita, haka James Hetfield na Metallica ta Amurka, wanda duk da hayaniyar kiɗansu yakan koma gare ta idan ya zo wurare masu sanyi. A nan kusa da mu, Vieux Farka Touré na Mali, ɗan marigayi Ali Farka Touré, yana cikin masu hawa dandamali da ita. A ganina ba abin mamaki ba ne. Makaɗin da ya taso da kunnen molo da gurmi yana son kowace tsirkiya ta fito a rarrabe, kuma abin da akwatin ya fi iyawa ke nan.

Masu kushe ta ma suna da hujja. Suna cewa sautinta sanyi ƙalau ne, ba shi da ɗumin tsofaffin amfilifayoyi masu bawul na gilashi, domin ita da transista aka yi ta. Tana da wani huci, sssss, da ake ji idan an yi shiru. Akwai maɓallin da aka sa don ya ƙazanta sautin irin na 'yan rok, kuma hatta masoyanta dariya suke yi masa. Sannan nauyinta ya kai wajen kilo 28, fiye da rabin buhun siminti. Wani dattijon makaɗi da na zanta da shi a Sabon Gari ya ce abin da ya fi tunawa da ita ba kiɗan ba ne, hawa bene da ita ne bayan an tashi daga biki.

Wanda ya kafa Roland a Osaka a 1972, Ikutaro Kakehashi, da gyaran agogo da rediyo ya fara rayuwa, yana saurayi maraya. Na kawo wannan ne saboda yadda nake jin wasunmu na raina mai gyara da ke zaune a lungun kasuwa da ƙarfen dalma a hannu. Tsohuwar JC-120 tana buɗuwa, ana gane abin da ya ƙone a cire a sa wani, amma sai an samu mai karanta taswirar wayoyinta, kuma irin waɗannan hannuwan ba sa ƙaruwa. Mai hutun makaranta da ke sha'awar lantarki ba zai yi asara ba in ya nemi izinin gida ya zauna kusa da ɗayansu.

In kuma wata rana kun ci karo da ita ta hannu, ku duba bayanta kafin ku jona. Wadda aka yi don Japan bolt 100 take ci, ta Amurka wajen 120, wutarmu kuwa 230 ce. Ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi kawai za ku gani. Sai mun haɗu mako mai zuwa.