Ƙwarya na riƙe da take, goge na yi masa ado

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kiɗan goge, a Birnin Ƙwanni ne ko a Malbaza ko a ƙauyukan Tajaye, ya san aikin ya kasu gida biyu. Masu ƙwarya suna zaune a jere, suna riƙe da bugu guda wanda ba ya gocewa. Mai goge kuwa shi ne ke yawo: ya kama take, ya sake shi, ya kewaya ta bayansa, ya ja tsirkiya har ta yi kamar kukan mutum, sa'an nan ya komo daidai inda ƙwarya ke jiransa. Taken ɗaya ne, kowa ya san shi. Amma makaɗa biyu ba su goga shi iri ɗaya. Kai, ko makaɗi guda ba ya maimaita na jiya. Wannan yawo, wanda za mu kira adon take, shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ne ke neman kuɓuce mana.

Goge ba shi da tarkace mai yawa: ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da sanda, da tsirkiya guda ta izgar doki, da abin guga wanda shi ma izga ce da ake shafa wa ƙaro. Babu wata alama a jikin sandar da ke nuna wa yatsa wurin sauka, kunne ne jagora. A wasan bori, wanda ƙasar Ƙwanni ta daɗe da yin suna a kansa, kowane iska da nasa take da kirari. Malamai sun faɗi nasu a kan bori, mu kuwa kiɗan muke dubawa. Makaɗi sai ya haddace take iri-iri, kuma idonsa na kan mai rawa: in ya ga ƙafa ta yi sanyi ya ƙara wuta, in ta yi gaggawa ya ja linzami. Wannan ilimi ba ya cikin kaset. Sai yaro ya yi shekaru yana buga wa ubangidansa ƙwarya kafin a miƙa masa izga.

Akwai mutanen da suka raba kiɗansu kamar yadda muka raba namu, amma suka riga mu gane darajar ado. Su ne mutanen tsibirin Jaba a ƙasar Indunusiya, masu kiɗan taro da ake kira gamelan, wanda ya ruɗa Debussy a bajekolin Paris na 1889. A wurinsu gangar jikin waƙa sunanta balungan, wato ƙashi, kuma wasu faifan tagulla ne ke buga ta a fili, babbar ƙararrawa tana rufe kowane zagaye. A kan wannan ƙashi ne kayan ado ke ɗora nama. Akwai rebab mai tsirkiya biyu, wanda ake gogawa da izga kamar gogenmu, shi ne jagoran waƙa. Akwai gender, faifan tagulla da aka rataya bisa bututu, ana buga shi da hannu biyu, kuma hannun da ya buga shi ne ke kashe amon da ya wuce. Akwai gambang na katako, da siter mai tsirkiyoyin ƙarfe, da suling, sarewarsu ta gora. In mai ganga ya sassauta tafiya, sai ƙashin ya yi tazara, masu ado su ninka bugu su cike gurbin: inda ƙashi ya buga ɗaya, gambang na iya buga 8 ko 16.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kowa na buga abin da ya ga dama ne. Suna da salon kewayawa da aka gada, cengkok, kowanne da wurin da zai sauka. Ƴancin makaɗi yana cikin zaɓi da lanƙwasa, daidai da na mai goge da ƙwarya ke jira. Sun kafa makarantar wannan kiɗa a birnin Surakarta tun 1950, inda makaɗan fada suka zama malamai, kuma rebab da gender na cikin kayan da aka fi girmama mai iya su. A Disamba 2021 hukumar UNESCO ta sa gamelan cikin gadon al'adun duniya.

Mu fa? Mun sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunan marigayi Ɗan Gurmu na Tawa, makaɗin gargajiya, amma kiɗan zamani aka kafa ta dominsa. A wurin biki, fiyano guda ya maye gurbin makaɗa biyar, don ya fi sauƙin kuɗi. Fiyano na iya kwaikwayon take, har ma da amon goge, sai dai maɓallansa a ƙayyade suke, ba ya iya zamewa tsakanin murya da murya yadda yatsa ke yi bisa izga. Ɗan kasuwar da zai aurar da ɗiya ya sani cewa in ya kira mai goge, har da yaron da ke buga ƙwarya yake ciyarwa, wato magajin sana'ar.

Ma'aikatan ofishin al'adu kuma ba sai sun je Jaba neman misali ba. Imzad, gogen matan Abzinawa, ya shiga jerin UNESCO a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, bayan da aka buɗe makarantar koyar da shi a Tamanrasset. A 2002 Malam Maman Barka, na cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna a gaban Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kiɗan biram, har ya karɓi kiɗan daga hannunsa. Maman Barka ya rasu a 2018. Tsofaffin masu goge na Adar da Ƙwanni suna nan da rai, kuma hanyar zuwa wurinsu ba ta kai ta tafkin Cadi nisa ba.