Ranar Ƙarin Ruwa Aikin Gida Duka Ne

Manomi ba ya jira sai ruwa ya sauka kafin ya nemi iri. Haka ya kamata mu yi da maganin ciwon daji da ake sa wa mutum ta jijiya, kamar ƙarin ruwa. A ganina, abin da ke sa mutanenmu na karkara su bar maganin a tsakiya shi ne rashin shiri, kuma laifin na dangi ne.

Wannan magani ba na rana ɗaya ba ne. Sau da yawa akan sa shi kowane sati 3, har sau 4 zuwa 8. Wanda ya je sau biyu ya daina, kamar mai noma rabin gona ne ya bar sauran wa ciyawa. Saboda haka tun ranar farko a tambayi likita sau nawa za a zo. A lissafta kuɗin magani da na mota zuwa Shika, ko Jos, ko Kano, har ƙarshe. In akuya za a sayar, ko adashi za a ɗauka, a yanke shawara tun yanzu.

Kafin kowane zuwa akan auna jini, gama maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. In sun yi ƙasa, likita zai ɗaga ranar. Kada a yi fushi, don kāre rai ne.

Ranar tafiya, mara lafiya ya sha ruwa sosai, ya ci abinci mara nauyi kamar kunu. Ya sa riga mai faɗin hannu, ya ɗauki mayafi da katin asibiti. Wani ya raka shi, domin zaman yakan ɗauki awoyi. A faɗa wa likita kowane maganin gargajiya da ake sha. In wurin allura ya yi zafi ko ya kumbura, a kira nas nan take, gama maganin yana iya ƙone nama in ya fita daga jijiya.

A gida, a sha maganin hana amai yadda aka faɗa. Gashi yana iya zubewa, amma zai sake tohowa. Abin tsoro shi ne zazzaɓi, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan. A sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai 38, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wa zai ɗebo ruwa, wa zai duba yara, wa zai nome gonar? Mu kira gayya, mu rubuta ranakun a bangon ɗaki, kada ko ɗaya ta wuce mu.