Masu Kai Ƙanƙara Hamada

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, na san da jin kan maganar nan wani zai ce, to mu ina ruwanmu da wasan da ake yi a kan ƙanƙara, mu da ɗan sanyin hunturu ma ke hana mu zuwa laccar ƙarfe takwas? Ku yi mini haƙuri ku saurara. Labarin attajirai ne da suka ɗauke wa mutane abin da suke so, suka kai inda ba a nema ba, sa'an nan suka aika wa talakawan wurin da takardar haraji. Irin wannan labari kuwa ko a duniyar wata ya faru, ya kamata mai karatun jami'a ya san shi.

Wasan shi ne hokin ƙanƙara. Mutum shida-shida ke karawa a kan daskararren ruwa, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani baƙin faifan roba wanda bai wuce girman waina ba. A Kanada aka haife shi, kuma can yaro ya kan koyi zamiya a kan ƙanƙara tun bai iya rubuta sunansa ba. Babbar hukumar wasan, NHL, a birnin Montiriyal aka kafa ta a 1917. Kofin da ake kashe kai a kansa, watau Kofin Stanley, wani Gwamna Janar na Kanada ne ya bayar da shi a 1892.

Sai dai ku lura da abu guda, don a kansa duk rigimar ta rataya. A ƙwallon ƙafa kun saba ƙaramin kulob ya yi ƙoƙari ya hau rukuni na ɗaya, babba ya yi sakaci ya faɗo. A NHL babu hawa, babu faɗowa. Ƙofa a rufe take, makulli yana hannun masu ƙungiyoyin. Gari ba ya samun ƙungiya sai ta hanya biyu: ko wani attajiri ya biya su kuɗin shiga su ƙirƙiro masa sabuwa, ko kuwa ya sayi ta wani gari ya kwashe ta, da 'yan wasa da kociyoyi da komai, kamar mai sayen garken shanu. Mutanen garin da aka kwashe sai dai su ji a rediyo.

Halin ba na yau ba ne. A 1967, da aka ƙara ƙungiyoyi daga shida zuwa goma sha biyu, duk sababbin shida a Amurka aka kafa su, kowace a kan dala miliyan 2. Birnin Bankuba na Kanada ya nema, aka hana shi sai 1970. Birnin Sen Luwis kuwa aka ba shi tun ba a san wanda zai saya ba, don kawai masu ƙungiyar Shikago suna da wani tsohon zauren wasa can da suke neman kai da shi. Amma guguwar sosai ta taso ne bayan 1988, shekarar da aka sayar da Wayne Gretzky, gwanin gwanayen wasan, daga Edmonton zuwa Los Anjalis. Ganin yadda 'yan fim da masu kuɗi suka cika zaure don kallonsa, sai attajirai suka ce ashe kudancin Amurka akwai nama. A 1993 suka naɗa Gary Bettman, lauya daga hukumar ƙwallon kwando, ya shugabance su. A shekarar nan ƙungiyar Minesota, jihar da ta fi kowace son hoki a Amurka, ta koma Dalas. Ta Kwibek ta tafi Denba a 1995, ta Winifeg ta tafi Finiks a 1996, ta Hatfod ta tafi Karolina ta Arewa a 1997.

Na Kwibek ya fi ba ni takaici. Ƙungiyarsu, Nordiques, ta yi shekaru tana shan kashi, har sau uku a jere tana ƙarewa a ƙarshen teburi, abin da ya ba ta damar zaɓen matashin ɗan wasa na farko a 1989 da 1990 da 1991. Na ukun, Eric Lindros, ya ce shi atafau ba zai yi musu wasa ba. Mutanen garin suka haɗiye wannan wulaƙanci, suka ci gaba da sayen tikiti suna kallon ana lallasa su. Aka musanya Lindros da tarin 'yan wasa, ƙungiya ta fara miƙewa, har ta zama ta ɗaya a yankin gabas a 1995. To, a daidai lokacin nan ne, tuwo ya nuna ana shirin kwashewa, aka sayar da ita ga wani kamfanin Amurka a kan dala miliyan 75. Da ta isa Denba aka sake mata suna, shekarar farko ta ɗauki Kofin Stanley a 1996. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen Kwibek suka zauna gaban talabijin suna kallon yaransu, waɗanda suka yi reno, suna daga kofi a garin da bara warhaka bai san sunayensu ba.

A Winifeg kuwa, garin da sanyi kan sauka ƙasa da sifiri da maki 30, mutane ba su zauna ba. A watan Mayu na 1995 dubban mutane suka yi gangami don ceton ƙungiyarsu, Jets. Aka yi ta karo-karo, har yara ƙanana suna kawo asusunsu ana fasawa. Aka tara miliyoyin daloli. Duk abin da wannan ya saya musu shi ne kaka guda ta ban kwana. A watan Afrilu na 1996 suka yi wasansu na ƙarshe, aka loda kaya, sai Arizona, hamada sosai, inda zafin bazara ke haura maki 40.

Na san abin da 'yan'uwanmu na sashen tattalin arziki za su ce, don wani cikinsu ya riga ya faɗa mini. Za su ce albashin 'yan wasa ya yi tashin gwauron zabo a lokacin, kuma da dalar Amurka ake biya, alhali tikitin Kwibek da Winifeg da dalar Kanada ake saye, wadda ƙimarta ba ta kai kashi uku cikin huɗu na ta Amurka ba. Za su ce garuruwan ƙanana ne, zaurukansu tsofaffi, ba su da ɗakunan alfarma da kamfanoni ke haya da tsada. Duk na yarda, gaskiya ne, an yi asara. Amma in dokar ita ce duk garin da ake asara a cikinsa a bar shi, to, sai mu auna hukumar da mudun da ta zo da shi. Mu je Arizona.

Da ƙungiyar ta sauka Finiks, aka sa mata suna Coyotes, aka ajiye ta a zauren ƙwallon kwando, inda masu wasu kujerun sama ba sa ganin raga ɗaya. Wato mutum ya biya kuɗi ya kalli rabin wasa. A 2003 ta koma wani gari na kusa, Gilandel, wanda majalisarsa ta zuba dala miliyan 180 na jama'a ta gina mata zaure. A 2009 mai ƙungiyar, Jerry Moyes, ya je kotu ya ce ya karye. Wani attajirin Kanada, Jim Balsillie, na kamfanin wayar BlackBerry, ya taya sama da dala miliyan 200, da sharaɗin zai mai da ita birnin Hamilton, inda ake son wasan kamar rai. To, ku ji abin mamaki. Hukumar da ta ce wa Winifeg kasuwa ce ta yi hukunci, ba yadda za a yi, ita ce ta tashi haiƙan a kotu ta hana wannan ciniki. Ta sayi ƙungiyar da kanta a kan dala miliyan 140, ta riƙe ta har 2013. Asarar fa, wa ya ɗauka? Gilandel ta yi alkawarin dala miliyan 25 a shekara, har shekara biyu, daga aljihun masu biyan haraji, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka ƙofar zauren ba. Kuɗin da za a gyara titi da ɗakin karatu ke nan.

Ba a gama ba. A ƙarshen 2021 garin ya yi barazanar garƙame zauren saboda bashin harajin da ƙungiyar ba ta biya ba, ya kuma ƙi sabunta mata haya. Sai ga ƙungiyar babbar hukumar hoki ta duniya ta koma zaman aro a zauren ɗaliban Jami'ar Jihar Arizona, mai kujera 4,600, daga 2022 zuwa 2024. Aka nemi mutanen garin Tempe su amince a gina sabon wuri, suka kaɗa ƙuri'a a watan Mayu na 2023 suka ce a kai kasuwa. Shekara 28 cur hukumar ta yi tana lallashin hamada. Kwibek da Winifeg ko kwatar wannan haƙuri ba su samu ba.

Yanzu ku ajiye wannan hoton kusa da wancan. A daidai shekarun da Coyotes ke wasa gaban mutum 4,600, akwai zaure sabo fil a birnin Kwibek mai kujera sama da 18,000, Centre Vidéotron, wanda aka buɗe a 2015. Gwamnatin lardi da ta gari suka kashe masa kimanin dalar Kanada miliyan 370, don an sha gaya musu rashin zaure na zamani ne ya raba su da ƙungiyarsu. Suka gina, suka miƙa takardar neman shiga a 2015 tare da Las Begas. A 2016 aka ba Las Begas, aka ce Kwibek ta dakata, wai dalar Kanada ta yi rauni, kuma wai ƙungiyoyin gabas sun fi na yamma yawa. Aka bar zauren ga ƙungiyar matasa da mawaƙa.

Dalilin na gaskiya, a ganina, ba boyayye ba ne. Mutumin Kwibek ya riga ya kamu. Ko da ƙungiya ko babu zai kalli hoki a talabijin, ya sayi riga. Ba a yi wa kifin da ke cikin ƙwarya tana. Finiks kuwa da kewayenta mutum kusan miliyan 5 ne, kuma adadin nan ake nuna wa kamfanonin talabijin na Amurka in an zauna ciniki, ko suna kallo ko ba sa kallo. Har wa yau, gari mai zaure babu ƙungiya yana da amfani a haka: bulala ce a rataye. Duk majalisar garin da ta yi taurin kai wajen gina wa attajiri sabon zaure da kuɗin jama'a, ba sai an yi mata dogon bayani ba, ta san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ga kuma kuɗin shiga. Las Begas ta biya dala miliyan 500 ta fara wasa a 2017, ƙungiyoyi 30 suka raba, kowace ta tashi da sama da miliyan 16 ba tare da ta buga ko faifai ɗaya ba. Siyatil ta biya miliyan 650 ta shiga a 2021. 'Yan wasan da ke karya haƙora a kan ƙanƙara ba su da kaso a ciki.

Ba zan ɓoye abin da bai goyi bayana ba. Las Begas ta karɓu, ta kai wasan ƙarshe a shekararta ta farko, ta ɗauki kofi a 2023. Dalas da Tamfa da Karolina duk sun ɗauka, ƙungiyar Panthers ta Fulorida ta ɗauka a 2024 da 2025, duka biyun a hannun Edmonton. Auston Matthews, wanda aka zaɓa na farko a 2016, a Arizona ya tashi, kuma kallon Coyotes ne ya sa shi son wasan. Winifeg ma, da ta sake samun ƙungiya a 2011, ta sayar da tikitin kaka 13,000 cikin ƙiftawar ido, amma zuwa 2024 adadin ya faɗo ƙasa da 10,000. To, sai me? Ban taɓa cewa kada a kai wasan sabon wuri ba. Las Begas da Tamfa sababbin ƙungiyoyi aka kafa musu, ba a tuɓe wa kowa riga don a sa musu ba. Ƙorafina kan tuɓewar ne, da kuma ma'aunin nan mai baki biyu: in ƙaramin garin Kanada ya yi tari a ce ajali ne, in babban garin Amurka ya kwanta shekara 28 a ce a ƙara masa magani. Ita kanta ƙungiyar da Winifeg ta samu, ta Atlanta ce aka kwaso, aka ɗora wa masu sayen dala miliyan 60 kuɗin ƙaura. Karo na biyu ke nan da Atlanta ta rasa ƙungiya, don ta farkon ta koma Kalgari tun 1980. Magoya bayanta, komai ƙarancinsu, su ma mutane ne, kuma su ma ba a tambaye su ba.

A watan Afrilu na 2024 hukumar ta haƙura da Arizona. Ba Kwibek ta kalla ba. Aka sayar wa Ryan Smith na jihar Yuta a kan dala biliyan 1.2. Mai Coyotes, Alex Meruelo, wanda ƙungiyarsa ba ta da ko zauren kanta, ya karɓi biliyan 1, sauran masu ƙungiyoyin suka raba miliyan 200. A takarda aka rubuta wai wannan ba ƙaura ba ce, sabuwar ƙungiya ce aka kafa, ko da yake 'yan wasan su ne, kociyan shi ne, jirgi kawai suka hau. Ba cinya ba, ƙafar baya. Kafin shekarar ta ƙare, majalisar birnin Solt Lek ta ƙara wa mutanenta harajin saye-saye na tsawon shekara 30, don a gyara zauren da unguwar da ke kewaye da shi.