Babur ɗin ƙanƙara da haƙƙin makiyayi

'Yan'uwa makiyaya da dillalan dabbobi, yau zancenmu zai kai mu arewacin Turai, ƙasar Nowe, inda ƙabilar Sami ke kiwon wata irin barewa mai jure sanyi. Tun shekarun 1960 suke bin garkensu bisa wani babur mai sulɓi kan ƙanƙara.

A 1977 gwamnati ta hana shiga daji da abin hawa mai inji, don kiyaye ƙasa da namun daji. Amma ta ware makiyaya, tunda su abincinsu suke nema. Sai a 2015 aka ba ƙananan hukumomi damar buɗe wa masu hawa don nishaɗi hanyoyi, bisa sharaɗin kada su cuci kiwo. Duk da haka Sami na kuka: a Afrilu barewa na da tsohon ciki, a Mayu take haihuwa, ƙarar inji kuwa na tarwatsa garke, har uwa ta gudu ta bar ɗanta.

Mun yaba wa dokar nan abu guda: ta bambanta mai neman abinci da mai neman wasa. A Nijar fa? A 1954 aka mai da dajin W gandun da shanu ba su shiga, alhali motocin 'yan yawon buɗe ido sun yi shekaru suna shiga suna fita. Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Muna kira ga ma'aikatan gandun daji, kafin a shata iyakar wani gandu, a zauna da rugga da garso tukuna, a bar mana burtali da mashaya.